Duban Sha'awa da Zinar Zuciya: Amsoshin Tambayoyin Cikin Gwangwani

A ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda muke yi ran Laraba da yamma a Aboabo, nan Kumasi, akwai wani tsohon gwangwanin Milo da muka huda wa murfi. Duk mai tambayar da kunya ba za ta bar shi ya yi ta a bainar jama'a ba, sai ya rubuta a takarda ya jefa, babu suna. Da muka kai Matiyu 5:27-30, takardu suka cika shi har murfin ya ƙi zama. Yawancinmu Hausa ce ta haɗa mu a Zongo: akwai Kusasi daga Bawku, Frafra daga Bolga, Dagaaba daga wajen Wa, da 'yan Nijeriya da Nijar kaɗan. Ni tela ne, dattijon ikkilisiya kuma, ban yi makarantar fastoci ba. Na haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, na bar sauran yadda aka rubuto su.

Wai me Yesu ya faɗa ne takamaimai?

Ya tuna wa jama'a dokar da kowa ya haddace tun yana yaro, kada ka yi zina, sannan ya ce duk wanda ya dubi mace duban sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa. Kafin nan ya yi wa kisan kai haka, ya bi sawunsa har ga fushi da zagi. Bayan nan ya taɓo saki, rantsuwa, ramuwa da ƙin maƙiyi. Sau shida a sura ɗaya yana cewa an faɗa muku kaza, amma ni ina gaya muku kaza. Ayar da ta buɗe jerin ita ce ta 20, inda ya ce in adalcinmu bai fi na malaman Attaura da Farisiyawa ba, ba za mu shiga Mulkin Sama ba.

Farisiyawan nan fa ba 'yan iska ba ne. Masu azumi ne sau biyu a mako, masu fitar da ushiri har na kayan ƙanshin miya. Da a Zongo suke, su za a riƙa shimfiɗa wa tabarma a gaba, su za a kira sulhun aure. Irin waɗannan ne Yesu ya ce sai an wuce su.

Baba, yaron mota nake a trotro, ƙaramar bas ta haya, Tafo zuwa Kejetiya. Kafin rana ta take na ga mata sun fi ɗari. Kullum cikin zina nake ke nan?

A'a, ɗana. Allah ne ya yi maka ido, shi ya yi kyau kuma. Littafin Farawa bai ji nauyin cewa Rahila kyakkyawa ce ba, haka ya faɗa game da Yusufu. Mace ta shigo mota, ka gan ta, wani abu ya ɗarsu a ranka: wannan gwaji ne. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba, saboda haka gwaji da zunubi ba abu ɗaya ba ne.

Inda lissafi yake canzawa ka san shi, ka ma fi ni sani. Lokacin da ka nuna mata kujerar bakin ƙofa alhali akwai wuri a baya. Lokacin da ka riƙe canjinta sai ta juyo ta tambaye ka sau biyu. Da dare kuma ka kwanta ka ɗauko ta a kanka kana juya ta yadda ka ga dama, mace da ba ka ko san sunanta ba, wataƙila asibiti ma za ta kai abinci. Nan ka ba da izini. Yakubu 1:14-15 ya kwatanta abin da haihuwa: sha'awa ta ja mutum, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Sha'awa kuwa ba ta ɗaukar ciki ita kaɗai, sai nufinka ya aure ta.

Kalmar Helenanci da aka fassara da sha'awa a Matiyu 5:28 ita ce dai take a Luka 22:15, inda Yesu ya ce ya yi marmarin cin Idin Ƙetarewa da almajiransa. Ka ga kalmar kanta ba ta da datti. Abin da aka ɗora ta a kai, da niyyar mai kallon, su ne magana.

Gaskiya ne malamai sun rabu a kan wani ɓangare na wannan. Katolika suna koyar da cewa karkatar zuciya zuwa mugunta ba ta zama zunubi sai an yarda da ita, kuma babban zunubi sai abu uku sun haɗu: abin ya zama mai nauyi, mutum ya san haka, ya kuma yi da gangan. Koyarwar da 'yan Presbi, wato ikkilisiyar Presbiteriyan, suka gada ta ce karkatar kanta zunubi ce, gadon faɗuwar Adamu, wadda Almasihu ya yafe wa mai bi. Ko wanne ka bi, gobe da asuba aikinka ɗaya ne: ka ba ta canjinta ka kau da kai.

In na riga na yi a zuciya, me zai hana in ƙarasa, tunda zunubin ɗaya ne?

Wannan tambayar ta zo sau uku, da rubutun hannu uku daban-daban. Zinar zuciya da ta jiki saiwarsu ɗaya, ɓarnarsu ba ɗaya ba. Wanda ya yi a zuciya ya ɓata kansa a gaban Allah. Wanda ya aikata ya ƙara da matar wani, da mijinta, da 'ya'yan gida biyu, wataƙila da ciki ko ciwo. Yesu da kansa ya gaya wa Bilatus cewa wanda ya bashe shi ya fi shi zunubi, ka ga akwai babba akwai ƙarami. Don kana jin haushin maƙwabcinka ba za ka ce bari in ɗauki adda tunda na riga na yi kisa ba. Mai wannan tambayar kuma, in ka bincika, ya riga ya san gidan da yake son zuwa.

Sabuwar doka ce Yesu ya kawo?

Tsohuwa ce ƙwarai. A Dokoki Goma, Fitowa 20:14 ta hana zina, aya 17 kuma ta hana ƙyashin matar maƙwabci. A ƙirgen Furotesta wannan tana cikin doka ta 10, Katolika kuma sun ware ta a matsayin ta 9. Ita ce dokar da ba alƙalin da zai iya kama ka a kanta, don ba shaida. Bulus, wanda ya ce ta wajen adalcin Shari'a ba shi da abin zargi, ya faɗa a Romawa 7:7 cewa da Shari'a ba ta hana ƙyashi ba, da bai san mene ne ƙyashi ba. Ayuba ma tun da can ya ce ya ɗaura alkawari da idanunsa.

Shekarata 22 da aure, ban taɓa taɓa wata mace ba. Duk wannan banza ne ke nan?

Ba banza ba ne, ɗan'uwa. Matarka ta ci moriyarsa, 'ya'yanka ma, kuma ka gode wa Allah da ya tsare ka. Amma bari in ba ka labarina, don ni ma haka nake ƙirga shekaru a da.

Wata shekara, gab da Kirsimeti, wata mata ta kawo mini atamfa in ɗinka mata kaba da siket. Na auna ta kamar yadda nake auna kowa, na rubuta awo a littafi. Cikin kwana uku na gama, na goge, na ninke, na sa a leda. Da ta zo karɓa sai na ji bakina yana cewa saura hannu, ta dawo jibi. Ta dawo, na ce zif ɗin da na samo a Kejetiya bai dace da launin ba. Sau huɗu baiwar Allahn nan tana biyan kuɗin mota tana zuwa shagona, ɗinkinta kuwa yana ƙarƙashin tebur, ƙafata tana gogar ledar duk lokacin da na taka keke. Ban taɓa gaya mata kalmar banza ba. "Sannu da zuwa, Maman yara, yaya maigida?" Ita kuma ta ce, "Baba tela, don girman Allah, Kirsimeti ta matso." Sai in miƙa mata kujera, in aika a sayo mata ruwan leda mai sanyi, in ja hira. A zuwa na uku yaron da ke koyon aiki a wurina ya dubi ledar, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sa maɓalli.

A cikin makon nan dai muka zauna, mu dattawa biyar, a kan wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da ciki ya fito mata. Ta zo da innarta, ta durƙusa a siminti, tana ta murza bakin mayafi, ba ta ɗaga kai ba har muka tashi. Saurayin ya gudu haƙar zinariya wajen Obuasi, ba kuma wanda ya ce a nemo shi. Ni na fi kowa zafi a zaman. Ni na ce a sa ta horo wata shida, a cire ta daga mawaƙa, ta koma bencin baya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ran Lahadi aka karanta Matiyu 23, inda Yesu ya ce Farisiyawa suna wanke bayan ƙwarya da akushi suna barin cikin da ƙazanta, ya kuma kwatanta su da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa. Ina zaune a gaba cikin farar kaftani da na ɗinka da hannuna. Daga inda nake ina hango yarinyar a baya. Bambancina da ita a ranar shi ne nata cikin ya fito, nawa ba ya fitowa. Ran Litinin na ba yaron ledar ya kai wa matar har gida, na haɗa da kuɗin motarta na zuwa huɗu. Na koma wa dattawa na roƙa aka mai da horon wata uku. Dalilin kuwa ban iya faɗa musu ba sai bayan shekara biyu.

Ubangiji ya gaya wa Sama'ila cewa mutum yana duban waje, shi kuwa zuciya yake duba. Shekarunka 22 mutane ne suka ƙirga su. Ka tambayi kanka ko akwai wata leda a ƙarƙashin teburinka. In babu, madalla.

To a daina horo a ikkilisiya mana?

Ba za a daina ba. Bulus ya umarci Korantiyawa su hori mutumin da ya ɗauki matar ubansa. Ikkilisiya ba ta da madubin zuciya, abin da ya bayyana kaɗai za ta iya taɓawa. Amma sanin haka ya kamata ya sanyaya mana hannu. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi da tawali'u, mai komowar yana lura da kansa. Ra'ayina kuma, wanda ba duk dattawa suka yarda da shi ba: in ba a nemi namijin ba, kada a zaunar da yarinyar a baya ita kaɗai. A Yahaya sura 8 ma mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, alhali an ce a cikin aikin aka kama ta. Da iska take yi?

Amma 'yan matan yanzu fa? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Na san karin maganar, ni ma na sha yin ta. Ni nake ɗinka kayan, na kuma san tsagar da ake cewa in ƙara. Littafi ya yi wa mata magana a kan sutura a 1 Timoti 2:9, ko da yake in ka karanta da kyau, abin da ya lissafa kitso ne da zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada, wato nuna arziki. Wannan magana ce da Zumuntar Mata za ta yi da 'ya'yanta, suna kuwa yi.

Sai dai a Matiyu 5:28 Yesu bai ce uffan a kan abin da matar ta sa ba. Mai ido ya kama. Dubi Dawuda: lokacin da sarakuna ke fita yaƙi ya tura Yowab, shugaban sojojinsa, shi kuwa ya zauna a Urushalima, yana yawo a kan soro da yamma ya hango Batsheba tana wanka. Ya tambayi ko wace ce, aka ce matar Uriya ce, sojansa. Duk da haka ya aika aka kawo ta. Da annabi Natan ya zo, labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar talaka ya bayar, ya ce wa sarki kai ne mutumin. Bai tambayi me ya sa take wanka a inda za a gan ta ba. Daddawa ba mutum ba ce, ɗan'uwa, mace kuwa mutum ce. Bulus ya ce wa Timoti ya ɗauki 'yan mata kamar 'yan'uwansa mata. Matar da na yi ta ja wa rai da ɗinki, mayafi har ƙasa take zuwa da shi.

Ni mace ce. Ayar ta ce wanda ya dubi mace. Mu ba ruwanmu?

Da ruwanku, 'yar'uwa. Matar Fotifar ce ta ƙyalla ido a kan Yusufu, kullum tana binsa da magana, har ya bar mata rigarsa ya gudu. Wata daga cikin iyayenmu a aji ta ce nasu ya fi shigowa ta kunne: tsohon saurayi da ke turo gaisuwa a WhatsApp da dare, ana goge hirar kafin maigida ya dawo daga aiki. Ta ce gogewar ita ce shaidar. Ba ni da abin ƙarawa a kai.

Yesu ya ce a ƙwaƙule ido, a yanke hannu. Da gaske yake?

Da gaske yake game da nauyin abin, amma ba wuƙa yake miƙa maka ba. Makaho ma yana sha'awa. A Markus 7:21-23 ya ce daga ciki, daga zuciya, mugun tunani da fasikanci da zina suke fitowa. Masanin tarihin ikkilisiya Yusibiyas ya rubuta cewa Orijin, malamin Iskandariya ta Masar, ya fiɗiye kansa yana saurayi saboda yadda ya fahimci Matiyu 19:12. Da bishop-bishop suka taru a Nikiya a shekara ta 325, dokarsu ta farko ta hana wanda ya yi wa kansa haka zama cikin ma'aikatan ikkilisiya.

Lura da cewa idon dama ya ce, da hannun dama, wato abin da ka fi ji da shi. Wani makanike a Suame, ɗan ajinmu, ya ba ni izini in faɗi nasa. Ya lura duk faɗuwarsa bayan sha biyun dare ce, da waya a ƙarƙashin bargo, har yakan sayi data musamman don haka. Ya sayar da babbar wayar ya sayi ƙarama mai madanni, irin wadda mutanen nan ke wa laƙabi da doya. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, ya kuma rasa wasu masu kawo gyara da suka saba turo hoton abin da ya lalace. Wannan shi ne yanke hannu.

Amma ya ce mini bayan wata biyu ya gano hotunan suna nan a kansa, ba sa bukatar caji. Kolosiyawa 2:21-23 ta faɗi haka: dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana suna da kamar hikima, amma ba su kashe sha'awar jiki. Yesu ma ya ce ɗakin da aka share aka bari ba kowa, aljanin da ya fita yakan dawo da abokai bakwai. Yanzu makaniken yana koya wa yara biyu aiki ba tare da ya karɓi kuɗin koyo ba, da yamma kuma yana zuwa gwajin waƙa. Ya ce gajiya ma baiwa ce.

Mafarki fa?

Mai barci bai ba da izini ba. A Shari'ar Musa abin da aka ce wa wanda ya zubar da maniyyi shi ne ya yi wanka, ya ƙazantu har yamma, ba a ce ya kawo hadayar zunubi ba. Ka tashi, ka yi wanka, ka yi addu'a, ka tafi aiki. In mafarkin ya yawaita, duba abin da kake ci da ido da rana.

Sha'awar matata ma zunubi ce?

Haba! Karanta Karin Magana 5:18-19, da 1 Korantiyawa 7:3-5, da Waƙar Waƙoƙi gaba ɗaya in kunya za ta bar ka. Abin da zai zama laifi shi ne ka tilasta mata, ko kana tare da ita hankalinka yana kan wata.

Na tuba sau ba adadi, ina komawa. In ci Jibin Ubangiji ko in bari?

Wannan takardar an ninke ta sau biyar, rubutun ƙanana. Duk wanda ya rubuta, ka saurara.

Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya yi shekaru yana zaune da mace ba aure, har suka haifi ɗa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsarki, amma ba yanzu ba. Sai a 387 aka yi masa baftisma a Milan. Tambayar da zan yi maka ita ce ko addu'arka tana da wannan wutsiyar. In kana tuba alhali ka ajiye lambar, ka bar ƙofar baya a buɗe, Musa ne a baki Fir'auna a zuci, gara ka gyara tukuna. In kuwa kana faɗa kana faɗuwa kana tashi, abin yana maka ciwo, to teburin naka ne. Bulus ya ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Ba marasa lafiya aka hana magani ba.

Dawuda a Zabura 51 bai ce zai ƙara ƙoƙari ba, cewa ya yi a halitta masa zuciya mai tsabta, don ya san ba ɗinkin da zai yi wa tsohuwar. Ezekiyel 36:26 ta yi alkawarin hakan, a cire zuciyar dutse a ba da ta nama. 1 Yahaya 1:9 kuma ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta, zai tsarkake. Ba ta sa adadi ba. A labarin Luka 18, mai karɓar harajin da ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji shi ya koma gida baratacce, Bafarisiyen da ke lissafin azuminsa bai samu ba.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna maganar runtse ido. Abu ɗaya ne?

Akwai kusanci. Suratun Nur, aya 30 da 31, ta umarci maza da mata muminai su runtse ganinsu, kuma a Zongo mun koyi kunya da yawa daga gare su. Bayanin addininsu malamansu za ka tambaya. Abin da mu muke riƙe da shi shi ne gafara da sabuwar zuciya ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa suke zuwa, ta aikin Ruhu Mai Tsarki.

Dole ne in gaya wa matata?

Ya danganta. In tunani ne ya zo ya wuce, kada ka ɗora mata kayan da ba za ta iya saukewa ba, musamman in wadda ka yi tunanin ƙawarta ce ko ƙanwarta. Amma in kuɗin cefane ya fara bin MoMo, wato tura kuɗi ta waya, zuwa wata lamba, ko akwai saƙonni, ko abin ya kai ga jiki, haƙƙinta ne ta sani, kuma in ya kai ga jiki ku je gwajin jini ku biyu. Kada ka faɗa mata ku kaɗai da tsakar dare. Ka nemi fasto ko wani babba da take girmamawa ya zauna da ku.

Ko wanne ne, wani mutum ɗaya ya kamata ya sani. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, mai riƙe baki, ba wanda zai mai da kai abin addu'a a taron Juma'a ba. In ka rasa, ina shago daga ƙarfe bakwai na safe ban da Lahadi. Ka zo da tsohon wando kamar za a yi maka faci, zan aiki yara sayen zare.